Na-Sani da Motar Surukinsa

A bakin tashar mota akwai wani mai aski da ake kira Na-Sani. Bakinsa ne ya jawo masa sunan: duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai rabinta ya tare ka da "na sani". Ko rasuwa ka zo faɗa masa sai ya ce ya sani, sannan ya tambaye ka wa ya rasu. Aski kam ya iya, ba mai musun wannan. Abin da ya ɓata shi, shekara goma sha takwas direbobi ne ke zama a kujerarsa suna hirar injin da giya da burki yana aske musu ƙeya, har ya yarda cewa duk abin da ya shiga kunnensa ya sauka a hannunsa. Yakan ce da sifana aka ba shi tun farko a maimakon almakashi, da yanzu masu ƙera motar ne ke zuwa ɗaukar darasi a wurinsa.

Surukinsa tsohon hedimasta ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka "to" sai ka yini kana tunanin wace irin "to" ce. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ta kusa shekara talatin a hannunsa, ba ya barin kowa ya taɓa ta sai wani tsohon bakanike mai gareji a ƙarshen layin su Na-Sani, can ƙasan gangare. Ranar Litinin da hantsi surukin, wato Baba, ya zo gidan 'yarsa tare da matarsa Mama don su tsara tafiyar jibi. Laraba da ƙarfe takwas na safe za a yi wa Mama aikin ido a babban asibiti, tafiyar awa biyu daga gida, kuma likitan sau ɗaya yake zuwa a wata huɗu. Yanar idon ta kai Mama ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Da suka gama suka fito, Baba ya murɗa makulli. Injin ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Ya sake, haka. A karo na uku ya fito ya rufe ƙofa, ya ce wa 'yarsa ta aika wa bakanike ya zo ya duba kafin yamma.

Daidai nan Na-Sani ya dawo daga shago don ya gaida surukansa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya miƙe ya zagaya motar sau ɗaya hannu a baya, ya ce ba sai an wahalar da tsoho ba, tun daga kwanar layi ya ji kukan injin ya gane ciwon. Aikin rabin awa ne. Baba ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya ce "to", ya miƙa mata makullin, ita ba shi ba. Suka tari tasi suka tafi.

Matar Na-Sani tela ce, a gida take ɗinki, kuma ta san mijinta fiye da yadda ya san kansa. Ta ɗauki waya za ta kira bakanike, ya riƙe mata hannu. Ya ce shekara goma sha biyu mahaifinta na kallonsa kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, yau Allah ya kawo ranar da zai nuna masa ko shi wane ne, ita kuma za ta kwashe ta kai wa wani tsoho da ko gani bai cika yi ba. Ya yi ta magiya har ta gaji.

"Maigida, idon mahaifiyata ne fa," in ji ta.

Ya ce ya sani. Ta ajiye makullin a kan keken ɗinki ba ta miƙa masa ba, shi kuma ya ɗauka bai jira a miƙa ba.

Ya koma ya rufe shago, ya kwaso kayan aiki a buhu: sifana biyu na aro, sukundireba, filaya, da tsohon buroshin haƙori. A tsallaken layi akwai rumfar Mai Guga, maƙwabcinsa, wanda ke yini a tsaye yana fuskantar ƙofar gidan, kuma ba abin da yake so a duniya kamar abin kallo kyauta. Na-Sani ya shiga motar ya ja wani ƙarfe don ya buɗe bonet, sai but ɗin baya ya buɗe. Ya ja wani, murfin tanki ya buɗe. Ya ja na uku, kujerar ta zame da shi baya har ƙafafunsa suka ɗaga. Mai Guga ya ajiye dutsen guga ya tambaye shi ko ya zo ya taya shi, tunda saura wuri ɗaya kawai bai buɗe ba. Na-Sani ya ce masu gaggawa ne ke fara buɗe gaba, shi sai ya tabbatar da lafiyar ko'ina tukuna.

Da bonet ɗin ya buɗu, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Duk hirar da ya sha a shago ta tsofaffin motocin haya ce, kuma a cikinta kowace matsala daga kafireta take farawa, a kafireta take ƙarewa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa ƙasa. Babu kafireta. Ya miƙe a hankali, ya juyo ya sanar da layin cewa an yi wa surukinsa sata.

Kafin minti goma mutane sun taru. Mai shayi ya bar teburinsa, mai cajin waya ya zo, mata suna leƙowa ta ƙofofi. Na-Sani ya nuna wani fili a gefen injin ya ce nan take zaune, ga ma alamar inda aka kwance ta. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Mai Guga ya ce tun da motar nan ta tsaya idonsa na kanta, ko kaza ba ta raɓe ta ba, kuma yana so ya ga ɓarawon da zai buɗe bonet ɗin da injiniya da kansa ya sha wuya a kai, ya kwance kafireta da rana tsaka, ya share wurin, har ya mayar da ƙura. Na-Sani ya ce ai shi ya sa ake ce musu ƙwararru, kuma ya kamata a fara tambayar wanda ya ce idonsa na kan motar.

Rigima ta so ta tashi, sai mai shayi ya ce a kira wani direba ya raba gardama. Na-Sani ya kira Dogo, direban bas, tsohon mai zama a kujerarsa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Dogo ya tambayi irin motar, da aka faɗa masa ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce irin wannan ba a yi ta da kafireta ba tun daga kamfani. Nozul gare ta guda huɗu, su ke fesa mai cikin injin, famfo kuma na turo musu man daga tanki. Ya ce a kai wa bakanike kawai.

"Na sani," in ji Na-Sani. "Gwada ka nake yi in ga ko har yanzu kana riƙe da abin da na koya maka."

Kafin ya kashe wayar Dogo ya yi sauri ya ce in dai ya nace sai ya kwance, ya kare fuskarsa, don bututun nozul cike yake da mai mai ƙarfi, yana sassauta shi zai yi tsartuwa.

Na-Sani ya shirya kamar mai shiga yaƙi. Ya ɗaura ƙyallen da yake yafa wa masu aski, ya sa baƙin tabaran matarsa, ya umarci kowa ya ja baya taku goma. Ya sa sifana ya sassauta bututun yana kau da kai. Ko ɗigo bai fito ba. Ya kwance shi gaba ɗaya, a bushe. Ya cire tabarau ya dubi jama'a ya ce sun dai ji da kunnensu abin da Dogo ya ce yakan faru da sauran mutane. Hannu hannu ne. Mai Guga ya tambaya ko rashin man ba shi ne ciwon ba. Na-Sani ya ce masa ya koma kan wandunan mutane kafin su ƙone.

Daga nan aiki ya kankama. Wayoyin fulogi huɗu sun tare masa hanya, ya fizge su gaba ɗaya ya watsa a bokiti. Mai cajin waya ya ce da ya sa musu alama don ya san wacce ke shiga ina, ya ce waya waya ce. Ya zaro nozul huɗun, ya ɗaga ɗaya sama ya hura, ya girgiza kai ya ce shekara talatin ba wanka. Ya je shago ya ɗauko tukunyar lantarkin da yake dafa kan injin aski a ciki, ya zuba ruwa da sabulu ya tafasa su kamar ƙwai. Ya goge su da buroshi, ya busar da na'urar busar da gashi. Wajen mayarwa, wata 'yar roba mai kamar zobe da ke bakin nozul ɗaya ta suɓuce, ta gangara ta faɗa kwata. Ya waiga, ya ga ba wanda ya lura sai Mai Guga, wanda ya yi kamar yana ninke riga. Ya shiga gida ya ɗauki silifa ɗaya a bakin ƙofa, ya yanko zobe da reza daidai gwargwado, ya tura ragowar ƙarƙashin tukunyar fulawa.

Kafin rana ta faɗi ya haɗa komai. Noti uku suka rage, da wata waya mai kai da bai san gidanta ba. Notin ya ce ƙari ne kamfani ke sawa, wayar kuma ya cusa ta bayan batir. Ya ce ba a tayar da injin da aka yi wa wanka sai ya huta, don haka gobe da safe kowa ya zo ya sha kallo.

Talata da safe kowa ya zo. Na-Sani ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya juya, bai kama ba. Ya murɗa ya riƙe, ya taka duk abin da ƙafarsa ta samu, ya yi wa motar magana mai daɗi, ya yi mata marar daɗi. Sai ya tuna wani direba ya taɓa ba da labarin yadda ya tayar da mota a daji da maganin sauro na feshi. Ya ɗauko gwangwanin gidan, ya cire murfin inda injin ke shaƙar iska, ya roƙi Mai Guga ya zauna ya murɗa masa. Mai Guga ya ce zai murɗa, amma jama'a su shaida sa shi aka yi.

Na-Sani ya sunkuya ya kai fuskarsa bakin ramin yana fesawa, ya ce a murɗa. Injin ya yi tari sau biyu, ya girgiza, sannan ya saki wata ƙara da ta sa mai shayi ya zubar da buta. Harshen wuta ya fito ta inda ake fesawa ya koma. Da hayaƙin ya washe, Na-Sani na zaune a ƙasa da gwangwani a hannu. Girarsa ta hagu ta tafi, da rabin gashin bakin da ya shekara ashirin yana gyarawa kowace safiya.

Ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce, "Kun ji ta ai. Ta yi magana."

Mai Guga ya ce ya ji, kuma a ganinsa ba gaisuwa ta yi ba.

Suka sake murɗawa, wannan karon ko juyawa injin bai yi ba, sai wani ƙyas-ƙyas. Batir ya mutu.

Ƙarar ta fito da matarsa, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya silifar kuma tana riƙe da ita a hannu, da rami a tsakiya kamar an ciza. Ta dubi fuskarsa. Ta ɗaga silifar ta tambaye shi ko ya san abin da ya same ta. Karo na farko a tarihin layin, Na-Sani bai ce ya sani ba. Ya ce wataƙila ɓera ne. Ta ce to ɓeran da reza yake yawo. Ta koma ciki ta kira mahaifinta ta faɗa masa komai, tun daga satar kafireta har zuwa gira. Baba ya saurara har ta gama, ya ce "to", ya kashe waya. Ba ta gaya wa mijinta ta kira ba, ta dai ce masa ta ba shi zuwa azahar.

Na-Sani ya ce azahar ma ta yi nisa. Motar ta riga ta farka, turi kawai take so, kuma Allah ya yi layinsu gangare ne. Ya tara mutum biyar daga bencin mai shayi, har da wani mutum da tun jiya yake zaryar shago yana neman aski, wanda aka yi wa alkawarin shi ne farko in ya tura. Yana shirin shiga, Mai Guga ya tambaye shi ko ya iya tuƙi.

"Na san tuƙi tun kana goye."

"Ban ce ka sani ba. Ka iya?"

Na-Sani ya ce shekara goma yana tuƙa babur, kuma mota ai babur biyu ce aka haɗa. Ya rufe ƙofa.

Aka tura. Motar ta motsa da ƙyar, sannan ta kama gangare ta fara gudu da kanta, masu turin suka tsaya suna haki. A ciki Na-Sani ya tuna ana sa giya a saki wani abu, amma bai tuna wanne ba. Sai kuma ya tuna wani ya taɓa cewa irin waɗannan motocin suna da ƙwaƙwalwa, in ka zare makulli ka mayar sai ta manta duk laifin da aka yi mata. Ya zare makullin. Sitiyari ya yi ƙaras ya kulle. Ya yi ƙoƙarin mayarwa, makullin ya suɓuce ya faɗi ƙarƙashin kujera. Ya taka burki da duk ƙarfinsa, ashe kuloci yake takawa. Ya danna hon, ba batir. Sai ya leƙo da kai ta taga yana yi wa mutane hon da baki.

A tsakiyar gangaren Mai Guga ya ɗaura igiya ya shanya zannuwan gadon wani masauki da yake wa wanki. Motar ta ratsa ta cikinsu ta fito da guda biyu, ɗaya a gilashin gaba, ɗaya a kan Na-Sani. Daga nan bai ƙara ganin komai ba. Mai Guga ya biyo ta a guje yana kiran zannuwansa, masu turi na bayansa, mai shayi na bayansu, matar Na-Sani a ƙarshe da silifa kala biyu. Motar ta tsallake kwata, ta kauce wa mai lemo da ikon Allah, ta je ta cusa hanci cikin tulin yashin da aka sauke a ƙofar garejin tsohon bakanike, ta tsaya.

Na-Sani ya yaye zanin daga kansa. Taku uku daga tagar, a kan benci, Baba ne zaune da kofin shayi a hannu. Tun bayan wayar 'yarsa ya hau tasi ya zo don ya ɗauki bakanike da kansa, yana jira ne tsohon ya wanke hannu su hau layin tare.

Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Sannu da zuwa."

Na-Sani ya fito ya durƙusa a cikin yashi ya gaishe shi, ya ce dama ya gama babban aikin, ya kawo ta ne a duba ɗan abin da ya rage.

Bakanike ya fito yana goge hannu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya laluba ya ɗauko makulli, aka ja motar baya, ya ɗora nasa batir. Ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, ya ce wa Baba ya murɗa makulli rabi kawai, kada ya tayar, kowa kuma ya yi shiru. Baba ya murɗa. Na-Sani ya fara bayanin cewa shi ma abin da ya yi niyyar yi ke nan. Bakanike ya ce a sake. Baba ya sake, Na-Sani ya ce wa na kusa da shi wannan dabarar tsohuwa ce, yanzu an daina. Bakanike ya ɗago ya ce daƙiƙa biyu kawai yake nema. Baba ya leƙo ta taga ya kalli surukinsa irin kallon da ya shekara talatin yana yi wa 'yan aji, layin gaba ɗaya ya yi tsit.

Aka murɗa. Ba a ji komai ba.

Bakanike ya ce shi ke nan. Lafiyayyar mota in an murɗa makulli, famfon mai yakan yi ɗan gurnani daga baya kafin injin ya tashi. Wannan bai yi ba, don haka mai ba ya zuwa gaba. Ya buɗe wani ƙaramin akwati kusa da sitiyari, ya zaro fiyus ɗaya da bai kai ƙumba ba, ya ɗaga wa rana. A ƙone yake. Ya laluba aljihu ya sa wani.

Na-Sani ya ga tafiyar na neman wucewa ba shi, sai ya matsa gaban injin ya sunkuya, ya kira jama'a su zo su ga nozul ɗin da ya wanke, don in ta tashi a san aikin waye. Baba ya murɗa. Famfo ya yi gurnaninsa daga baya, kowa ya ji. Man da ya kwana biyu bai zo ba ya taho da ƙarfinsa, ya iske zoben silifa a bakin nozul, ya yi tsartuwa sama ya wanke Na-Sani daga goshi har ƙirji. Bakanike ya yi tsalle ya zare makulli, ya ce duk mai taba a hannu ya bar layin.

Sai da komai ya lafa ya sa filaya ya zaro zoben, shuɗi, da zanen fulawa a gefe. Matar Na-Sani ta miƙa masa silifar mai ramin da ta taho da ita, ya ɗora zoben a ramin, ya zauna daidai. Mai Guga ya ce lallai ɓeran ya iya awo.

Bakanike ya ci gaba da dubawa yana lissafa wa Baba. Wayoyin fulogi an juya su, shi ya sa ta yi aman wuta. Wayar da aka cusa bayan batir ta na'urar da ke gaya wa injin lokacin fesa mai ce. Noti uku babu. Nozul biyu sun dahu, sai an aiko da wasu daga wani gari. Ya ce ciwon da motar ta zo da shi aikin minti biyu ne, maganin da aka yi mata kuma sai ya kwana huɗu yana warkarwa.

Ba wanda ya yi dariya a nan, don kowa ya san zancen Laraba. Matar Na-Sani ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Baba ya ajiye kofin a kan benci ya tambayi bakanike ko ya san mai motar da zai yarda ya yi tafiyar awa biyu da sassafe, ya jira a asibiti har a gama. Bakanike ya ce da wuya a samu a ƙurarren lokaci haka.

Na-Sani ya share fuskarsa da hannun riga. Ya tashi yana warin fetur ya nufi tasha a ƙafa. Labari ya riga shi isa, direbobi suka tare shi da tambayar ko an kama ɓarawon kafireta. Ya tsaya ya shanye, har suka gaji. Sannan ya sami Dogo ya faɗa masa gaskiya tun daga farko, bai rage ba bai ƙara ba, abin da Dogo ya ce bai taɓa ji daga bakinsa ba. Washegari ƙarfe biyar da rabi bas ɗin Dogo mai kujera goma sha takwas ta tsaya a ƙofar gidan Baba, ta ɗauki mutum huɗu. Suka isa asibiti saura minti ashirin.

Aikin ya yi kyau. Ranar da za a cire bandejin, Na-Sani ya tsaya gaban madubi ya kasa aske ragowar gashin bakin. Ya ɗauki jagirar matarsa ya zana rabin da ya ƙone, ya zana gira. Ɗakin asibitin da zafi, kafin likita ya zo zanen ya narke ya gangaro. Aka cire bandeji, Mama ta ƙifta ido ta ga 'yarta ta yi murmushi, ta ga Baba ta ce ashe ya tsufa haka. Sai ta juyo kan surukinta ta daɗe tana kallo. Ta kama hannun likita ta ce masa a hankali, ɓangaren dama ya gyaru sarai, amma na hagu har yanzu yana nuna mata mutum a dame.

Bayan mako guda motar ta fito daga gareji tana tashi da murɗawa ɗaya. Ranar Asabar da hantsi ta tsaya a ƙofar shagon aski, shagon cike da direbobi. Baba ya fito ya shiga. Tun da aka ɗaura auren 'yarsa bai taɓa taka shagon ba. Ya cire hula ya zauna a kujera, ya ce Mama ta ce a gode masa da bas. Na-Sani ya yafa masa ƙyalle, ya ɗauki injin aski, ya tambaya cikin ladabi wane iri za a yi.

Baba ya dube shi ta madubi ya ce, "Gashin kawai za ka rage. Kada ka buɗe ka ga abin da ke ciki."